Godiya daga kwamitin tallafin shari'a bayan Makon Lauyoyi na bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi Makon Lauyoyi na bana an tashi lafiya. Ba sai mun sake ba ku labarin lacca da wasan ƙwallo da liyafar dare ba, kun gani, da yawanku ma da ku aka yi. Wannan saƙo daga kwamitin tallafin shari'a kyauta na reshenmu na Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ne a nan Kano, wato waɗanda aka ɗora wa aikin gidajen gyaran hali. Jiki ya yi laushi, wasu cikinmu har yanzu muryarsu ba ta washe ba, amma nauyin godiyar da ke kanmu ba zai bari mu jira sai mun huta ba.

Wanda ya ga hoton mutum yana fitowa daga ƙofar gidan yari zai zaci kuɗi kawai aka miƙa aka buɗe masa. Ba haka abin yake ba, kuma sai an san yadda yake za a gane dalilin da ya sa muke gode wa waɗanda muke gode wa. Idan an yanke wa mutum ɗauri da zaɓin tara, ba a gidan gyaran hali ake biya ba. Sai an koma kotun da ta yanke hukuncin, an zaƙulo fayil, an duba abin da alƙali ya rubuta da hannunsa. A nan ake yawan yin tuntuɓe, domin sau da yawa bayan tara akwai diyyar da aka ce a biya mai ƙara, kuma ita ba ta faɗuwa don an biya tara. Sai an nemo mai ƙarar, ko a biya shi a gaban kotu, ko ya yafe da bakinsa a rubuta. Daga nan a biya tarar ta banki, a kawo shaidar biya, a yanka rasit, magatakarda ya rubuta takardar saki, alƙali ya sa hannu, a buga hatimi. Ma'aikacin kotu ne zai kai ta, ba dangi ba. A can kuma ofishin ajiye bayanai zai ɗauko warantin da aka kawo mutumin da shi, ya jera su biyun: suna, lambar shari'a, shekara, kotu, sa hannun alƙali. Harafi ɗaya ya saɓa, ƙofa ba za ta buɗu ba, kuma gaskiyarsu ce, don idan suka saki wanda ba shi ba, su za a tuhuma.

Abin da ya faru ranar Juma'a ke nan, kuma shi ne har yanzu idan muka tuna gabanmu yake faɗuwa. Wani matashi, an biya tararsa tun Alhamis, komai ya kammala. Da takardar ta isa sai aka ga sunan bai zo ɗaya ba. Ashe ranar da aka kama shi, laƙabin da ake kiransa da shi a tasha ya faɗa a caji ofis, da shi aka shigar da ƙara, da shi aka rubuta waranti. Mahaifiyarsa kuwa sunan yanka da na mahaifinsa ta kawo. Lokacin sha biyu ta wuce, ma'aikata sun fara haramar masallaci, kuma kowa ya san Juma'a a Kano idan an fita salla ba kowane ofis ake dawowa ba. In ta wuce, sai Litinin. Tsohuwar nan tun da sassafe ta taso daga ƙauye, tana zaune a gindin katanga da ƙullin riga da wando da silifas da ta kawo masa, kuɗin motar komawa na mutum biyu cif a ƙulle a bakin mayafinta. Ba ta da wurin kwana a birni. Babu wanda ya iya zuwa ya faɗa mata.

Magatakardan kotun ya riga ya tafi gida. Da aka kira shi bai ce komai ba sai, "Barista, ku jira ni a sauko daga masallaci." Ana sallamewa ya hau babur ɗinsa ya dawo, ya buɗe ofis, ya durƙusa a gaban tarin fayilolin da aka ɗaure da igiya yana kwancewa ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga na yaron. Ya sa aka rubuta takardar rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, ya sake rubuta takardar saki da sunan da ke kan waranti, ya ƙara ɗayan a gefe. Mai shari'a, Allah ya ƙara masa daraja, ya dawo kotu takanas ya duba ya sa hannu. Da aka miƙa wa magatakardan kuɗin mai, sai ya ture hannun ya ce, "Haba ranki ya daɗe, ni ma ina da uwa." A can bakin ƙofa kuma wani gandiroba ya fito wa tsohuwar da benci da ruwan leda biyu, ya ce, "Iya, ki koma inuwa, in sha Allahu yau da ɗanki za ki tafi," alhali shi ma bai san ko takardar za ta iso ba. Ta iso ana kiran la'asar. Malam magatakarda, mun san ba ka son a faɗa, kuma ba za mu rubuta sunanka ba, amma duk mai shiga harabar kotun nan ya san wa muke nufi. Allah ya jiƙan mahaifanka, ya raya maka zuri'a, ya sa kada ka taɓa tsayawa a ƙofar da za a rufe maka.

Masu zaman jiran shari'a su ne babban aikin, kuma su kuɗi ba ya fitar da su. Tsarin mulkin 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ya ce wanda ke tsare, idan wata biyu suka cika ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, ko da sharaɗi ko babu, sai dai wannan bai shafi laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Ya kuma ce ba a riƙe mai jiran shari'a fiye da iyakar ɗaurin da doka ta tanadar wa laifin da ake zarginsa. Da wannan na ƙarshen aka fi samun nasara, domin akwai waɗanda ko da an same su da laifi, da tuni sun gama wa'adinsu. Waɗanda ake zargi da fashi da makami ko kisan kai kuwa, kotun majistare ba ta da hurumin yi musu shari'a, ajiye su kawai take yi har lauyoyin gwamnati su ba da shawara a kan fayil. Su sai an je babbar kotu da takardar roƙon beli, da takardar rantsuwa, da hujjoji a rubuce, da kwafin takardar ƙarar farko mai hatimin kotu. Matasan lauyoyinmu ne suka zauna suka rubuta waɗannan, wasunsu ko shekara biyu ba su yi da fitowa daga makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda ba, da kwamfutarsu da kuɗin datarsu da kuɗin adaidaita sahunsu. Ɗaliban shari'a na Jami'ar Bayero da suka zo sa kai su suka cike fom ɗin kowane ɗaurarre: ranar kamu, kotun da ta ajiye shi, ranar da aka fita da shi ta ƙarshe, lambar wayar wani nasa. Wannan layi na ƙarshe ya fi kowanne wahalar cikewa.

A nan ne za mu faɗi abin da ya tsaya mana a rai. Akwai waɗanda kotu ta ba su beli, sharaɗi mai sauƙi, mutum ɗaya mai adireshi a cikin hurumin kotu, da katin shaida da hoton fasfo biyu, wani lokaci da takardar mai unguwa. An kira yayye, an kira kawunnai da baffanni. Wani ya ce yana kasuwa, wani ya ce gobe, wani wayar ma ya kashe. Har yau suna ciki, ba don doka ta riƙe su ba. Mun san wani yaron ya gajiyar da danginsa, ba mu musa ba, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Iyaye mata da matan aure su suka fi zuwa, kuma wasunsu sun zo a tsorace don an gaya musu mace ba ta tsaya wa mutum. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce. Haka ma cikin 'yan uwanmu na sana'a, akwai waɗanda muka sa rai da ganinsu a bakin ƙofar gidan gyaran hali kamar yadda muka gan su a liyafa. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su. Allah ya kai mu baɗi.

Muna godiya ga shugaban reshe da 'yan majalisarsa da suka ware wa wannan aiki kaso tun kafin a fara maganar ɗakin taro. Muna godiya ga iyayenmu manyan lauyoyi da suka aiko da gudummawa suka ce kada a karanta sunansu, musamman Baba da ya ce a kawo masa fayil mafi wuya, ya sa rigarsa ya tsaya da kansa a gaban babbar kotu a kan yaron da bai taɓa gani ba. Muna godiya ga 'yan uwanmu mata lauyoyi da suka ɗauki ɓangaren mata gaba ɗaya, suka shiga da sabulu da omo da audugar mata da madarar jarirai, don akwai masu goyo a ciki. Muna godiya ga lauyoyin Hukumar Tallafin Shari'a da na Ma'aikatar Shari'a da suka buɗe mana rajistarsu muka bi sawun fayiloli. Hajiya mai abinci ta bakin kotu, wadda ta ƙi karɓar kuɗin shinkafa da waken da ta zuba wa waɗanda aka sako, ta ce sadakar mahaifinta ce, Allah ya kai ladan kabarinsa. Direban bas ɗin da ya kai mutane tashar Unguwa Uku da ta Ƙofar Ruwa bayan isha'i, ya tsaya har ya ga kowa ya shiga mota, Allah ya tsare maka hanya. Mai hoto da kwafin takardu na harabar kotu da ya ta da janareto ya bar shagonsa a buɗe har dare, mun gode, mun gode.

Ya Allah ka saka wa kowa da mafificin alheri. Wanda ya ba da dukiya ka ninka masa, wanda ya ba da ƙarfinsa ka ƙara masa lafiya, wanda ya yi addu'a daga gida ka biya masa buƙatunsa. Waɗanda suka fito, Allah ka shirye su, ka ba su sana'ar halal, ka sa iyalansu su karɓe su hannu biyu. Waɗanda suka rage, ka kawo musu mafita ta inda ba su zata ba. Alƙalanmu ka yi riƙo da hannunsu. Abokan aikinmu da suka riga mu gidan gaskiya a wannan shekara, ka gafarta musu, ka haskaka makwancinsu, ka dubi marayun da suka bari. Amin summa amin.

Fayilolin da ba a kammala ba suna sakatariyar reshe, kowanne da sunan lauyan da ke riƙe da shi da ranar zama na gaba. Wanda zai iya ɗaukar ko guda ɗaya ya zo ya sa hannu, za a ba shi kwafin duk abin da aka shigar. A tuna kuma kuɗin lasisin aiki na shekara ana biyansa ne kafin 31 ga Maris, don kada a tashi neman belin wani a tarar lauyan ne ba shi da damar tsayawa. Dangin da aka kira ba su samu zuwa ba, belin yana nan bai lalace ba, ku zo da katin shaida da hoto biyu, lauyan kwamiti zai raka ku har gaban magatakarda, kuma ba za ku biya shi ko kwabo ba.

Wassalamu alaikum.