Handiraya a ƙasar da wutarta ba irin tamu ba ce

'Yar'uwa sabuwar zuwa Amurka, kafin ki jefa handirayar da kika zo da ita cikin shara, ki duba rubutun da ke jikin mariƙinta. An jona ta da adafta, tana huci kamar mai jin barci, iska salam, gashi ya ƙi bushewa ga hunturu a waje. Lafiyarta ƙalau. Wutar Najeriya da Nijar da Ingila volt 220 zuwa 240 ce, ta Amurka da Kanada kuwa 120. Idan ƙarfin wuta ya ragu da rabi, zafin da koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikinta mai ɗumama iska, ke bayarwa kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Adafta siffar bakin filogi kaɗai take sauyawa, ba ruwanta da ƙarfin wuta.

To, a ce a nan kika saya kuma ta tsaya. Nan ba kamar gida ba ne da za a aiki yaro ya kai wa mai gyara, ke ce mai gyaran. Fara da filogi. Na Amurka yana da ƙaton kai mai maɓalli biyu, na gwaji da na maido da wuta, ki danna na biyun. Soket ɗin banɗaki ma yakan zo da irinsu. A Ingila kuwa fiyus ne a cikin filogin, galibi mai amfiya 13, sai a sauya da irinsa.

Wadda ke mutuwa bayan minti biyu ko uku, ta huce ta dawo, numfashi ne ya gagare ta. Ki zare ta daga wuta, ki cire ragar baya, ki goge ƙura da guntun gashi da tsohon buroshin haƙori. Mu da muke shafa mai a kai, ragarmu ta fi saurin toshewa, don maiƙo yana kama ƙura ya zama kamar auduga. Iska ta ragu, koyil ya yi zafi fiye da kima, sai wani ɗan ƙarfe da ke lanƙwashewa da zafi ya yanke wutar. Aikinsa ke nan, kada a ga laifinsa.

Idan tana ɗaukewa tana kawowa duk lokacin da kika motsa hannu, waya ce ta karye daga ciki, daidai inda take shiga mariƙi. Naɗe ta a jikin handirayar ke jawo haka. A kwance sukurorin, a yanke wajen da ya lalace, a fere, a mayar.

Shiru gaba ɗaya, waya lafiya, maɓalli lafiya? Akwai ƙaramin fiyus na zafi kusa da koyil, shi in ya ƙone ba ya dawowa. Mitar gwajin waya za ta nuna ya yanke. A nemo mai lambar zafi da amfiya iri ɗaya, a matse shi da ƙarfen matsi, don zafin dalma yana iya kashe sabon tun kafin a rufe. Masu haɗe wayar kai tsaye su tsallake shi, gobara suke gayyata.

Abin da ya fi ciwo shi ne tsaraba. Ki tara kuɗi, ki sayi mai wat 1875 mai kyau, ki aika wa ƙanwarki. Ta jona a wutar 230, zafi ya ninka kusan sau huɗu, hayaƙi ya tashi kafin ta kai ta kusa da gashinta. Ba wanda zai ce wuta ce. Cewa za a yi Yaya ta je Turai ta aiko da jabu, maganar ta zaga dangi, ke kina nan ke kaɗai ba mai jin bayaninki, Umma ma a waya sai dai ta ce ba komai, an gode. Ki nemi wadda aka rubuta wa 125/250V, ki sa kwabo ki murɗa ɗan maɓallin zuwa 250 da hannunki kafin ki sa ta a akwati.