Daga Agege zuwa Ogba: yadda na yi cinikin biri a sama

Ƙannena da ke shirin canza gidan haya a Legas, ku zo ku ji abin da ya same ni a watan Yunin 2023. Na tashi ne daga ciki da falo da muke haya a Agege zuwa wani gidan bene a Ogba. Wanda ya san wurin ya san ba wata tafiya ba ce: ka haye gadar Pen Cinema, ka miƙe titin Oba Ogunji, ka isa. In hanya ta yi kyau, minti ashirin ma ya yi yawa. Kusancin nan shi ya yaudare ni. Na ɗauka tunda ba nisa, ko yaro na aika zai iya.

A waya na yi ciniki da mai a-kori-kurar, wani abokina ne ya ba ni lambarsa. Ya ce, "Oga, kayan da yawa?" Na ce a'a, 'yan kayan ɗaki ne kawai. Ya ce dubu ashirin da biyar, na taya sha takwas, ya sallama. Na kashe waya ina jin daɗi, wai na iya ciniki. Ban gaya masa sabon gidan hawa na biyu ne ba. Ba mu yi maganar masu loda kaya ba, balle sawu nawa zai yi. Shi bai ga kaya ba, ni ban ga mota ba.

Namiji ba ya sanin yawan kayan gidansa sai ranar tashi. Akwatunan lefe da suka shekara a ƙarƙashin gado, kwanukan jere, turmi da taɓarya, jarkokin ruwa, buhunan gana-masgo cike da kayan da yara suka fi ƙarfinsu amma uwarsu ta ce ba za a bayar ba. Da muka fito da su tsakar gida, ni kaina sai da na riƙe baki.

Ƙarfe bakwai muka yi da direban, sai sha ɗaya saura ya iso. Lokacin babbar Sallah ta ƙarato, kuma duk mai mota a Agege, inda mayankar Oko-Oba take, ya fi son jigilar raguna da shanu. Motar da ya zo da ita daga wannan aikin ta fito. Bayanta duk kashin dabbobi ne da ragowar harawa, kuma ba tamfol. Ya leƙa kayan, ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce, "Oga, wannan sawu uku ne. Kuma ka san yadda mai ya koma." Maganar mai kam gaskiyarsa ce, domin a ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafi, farashin fetur ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Amma ai ya san da haka ranar da muka yi ciniki. Abin da ya canza shi ne kayana suna waje, na riga na yi wa mai gida alkawarin makulli a ranar, ga hadari ya fara haɗuwa. Wanda yake cikin wannan hali ba ya taya farashi, biya kawai yake yi.

To ku ji, a ƙaurar kusa ba kilomita ake saye ba. Abin da kuke biya shi ne matakala, da lokacin da mota za ta tsaya jiran loda da sauke, da yawan sawu. Saboda haka ku sa direban ya zo da ƙafarsa ya ga kayan kwana biyu ko uku kafin ranar, ku ma ku ga motar. In ba zai iya zuwa ba, ku ɗauki bidiyon kowane ɗaki ku tura masa ta WhatsApp, ku buɗe har cikin wadirof. Sannan a yanka kuɗin aikin gaba ɗaya, daga ɗakin nan zuwa cikin ɗakin can, a faɗi wanda zai biya 'yan dako. Ku rubuta a saƙo, ya amsa. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, ragowar sai kaya na ƙarshe ya shiga ɗaki.

'Yan dakon kuwa yaranmu ne na arewa, uku, a bakin kasuwa na ɗauko su. A nan na yi kuskuren da ya fi ba ni kunya. Na ce musu, "Ku zo mu je, ba za mu ɓata ba." Wannan kalma ita ke ɓata mutane. Da muka isa Ogba suka ga matakala, babbansu ya ce, "Yallaɓai, ai ba ka ce mana bene ba ne." Raina ya ɓaci a lokacin, amma daga baya na ga sun fi ni gaskiya. Ɗora firji a baya a hau hawa biyu ba wasa ba ne, kuma kasancewar mutum ɗan garinku bai sa guminsa ya zama kyauta ba. Kara ce ke hana mu faɗin adadi a farko, a ƙarshe a zo ana cacar baki a gaban sababbin maƙwabta.

Akwai kuma 'yan unguwa. Mota na tsayawa suka ɓullo, mutum biyu, suna cewa "owo da", wato ina kuɗi. Da na tambayi dillalin gidan ko mai gadin layin tun farko, da na san ko ana karɓar wani abu da kuma nawa ne, da ma na roƙi ɗayansu ya tsaya tare da ni. Baƙon fuska da mota cike da kaya shi ake yi wa tsada. Ku kuma duba inda motar za ta tsaya, domin in ta tare babban titi jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Legas, aikinsu za su yi, kuma layuka da yawa a Legas suna da ƙofar da ake kullewa da dare.

Wadirof ɗinmu ya ƙi juyawa a kwanar matakala. Aka ɗaga, aka karkata, aka goge bangon mutane, madubin ƙofar ya tsage tun daga sama har ƙasa. Dole na nemo kafinta a unguwar da ban san kowa ba, ya kwance shi a tsakiyar hanya, ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Da na auna faɗin matakalar ranar da na je ganin gidan, da tun a Agege aka kwance shi, aka zuba kusoshin a leda guda.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna cizo. Firji a tsaye ake ɗaukarsa, kuma in an sauke a bar shi wasu awoyi kafin a jona, don man injin ya koma mazauninsa. A juye fetur ɗin janareta, a rufe tukunyar gas da kyau a tsayar da ita. Takardun makaranta, rasit ɗin haya da gwal ɗin uwargida su bi ku a jakar hannu, kada su shiga bayan mota. Ku ɗauki hoton mitar wuta a gidan da kuka bari da wanda kuka shiga, ku tambaya ko akwai tsohon bashi a kanta. Kada ku saka kati mai yawa a makon tashi, domin abin da ya rage a mita na mai shigowa ne.

Ruwan ya sauko muna kan gadar Pen Cinema a sawu na biyu, katifa tana can saman kaya ba rufi. Yuni a Legas tsakiyar damina ne, na kuma san da haka, kuɗin ledar da za ta rufe katifar bai kai kuɗin abincin rana ba. Sai bayan isha'i muka gama, na kashe kusan ninki uku na abin da na shirya. Daren nan a kan tabarma muka kwana. Katifar ta yi kwana huɗu a jingine a baranda, ta bushe, amma har bayan Sallah in ka kwanta a kanta warin rago kake ji.