Littafin adashe a ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki

A gidanmu ƙarfe biyar da rabi muke addu'ar safe. In hunturu ya kama kowa da bargonsa yake fitowa falo, don sanyin Jos na Disamba da Janairu ba ya jin lallashi. Maigida ya ɗaga waƙa, a karanta 'yan ayoyi, wanda layi ya zo kansa ya yi addu'a, sai mu rufe da Addu'ar Ubangiji baki ɗaya.

Wata safiya ina ɗaura wa autata takalmin makaranta, 'yar shekara tara a lokacin, sai ta ce, "Mama, me ya sa in an zo wurin 'kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi' sai muryarki ta ɓace?" Na ce mata mura ce. Ta ce, "Murar kullum a wuri ɗaya take kama ki?" Na daka mata tsawa ta ɗauki jakarta kar keke ya tafi ya bar ta. Ta fita, ni kuma na zauna a bakin gado shayina ya huce ban sha ba.

Ga abin da ya faru. Ni ce uwar adashen mata 12 a cikin Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu. Tsohon adashe ne, iyayenmu mata suka kafa shi bayan gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002, lokacin da da yawa daga cikinsu suka rasa jari. Da mai riƙe da shi ta tsufa aka miƙa mini littafin, wai ni malamar makaranta ce, na iya lissafi. A 2023 kowa tana zuba naira 20,000 a wata, mai kwasa ta ɗauki 240,000. Wata 'yar'uwa da muka shaƙu, wadda muke zama kujera ɗaya a majami'a, wadda na kwana da ita a asibiti daren da ta haihu, ta roƙe ni in ba ta kwasa ta biyu. Za ta saro dankalin Turawa daga Bokkos ta kai Farin Gada. Na lallashi wadda layin yake kanta ta haƙura, na ba ta a Fabrairu, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Ta zuba Maris, ta zuba Afrilu. Daga nan shiru.

A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, komai ya tashi, kowa na kuka da aljihunsa. Na fahimci wannan. Abin da ya ci mini rai shi ne ba ta zo ta ce mini komai ba. In na kira, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. In na je gidanta yara su ce ta fita, ga kuwa takalminta a bakin ƙofa. Uwar adashe kuma ba ta da bakin cewa mai kwasa ta yi haƙuri, an gaza. Wata takwas na yi ina cike gurbinta daga albashina, naira 160,000. Kirsimetin shekarar 'ya'yana da tsofaffin kaya suka je sujada.

Ban kai ta gaban dattawan ikilisiya ba, ban zage ta ba, ban ma daina gaishe ta ba. Da hakan na riƙa yaba wa kaina. Duk wadda ta tambaye ni sai in ce, "Ai na bar wa Allah." Amma na sauya kujera na koma ɓangaren mawaƙa. In ta tashi ba da shaida a zumunta sai in sunkuyar da kai ina gyaran ɗankwali. Ranar da na gan ta da sabon zane, kafin a gama wa'azi na ƙiyasta kuɗinsa har da na ɗinki. Littafin adashen kuwa yana kan teburina, a ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki, kullum na ɗaga wannan sai na ga wancan. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni a murya aka kama ni.

Bayan maganar yarinyar na koma Matiyu sura 6 na karanta a hankali. Kalmar da Matiyu ya rubuta da Helenanci a aya ta 12 ma'anarta bashi ce, abin da ake bin mutum. Sai na ji kamar an kira sunana a kasuwa. Kuma cikin dukan roƙe-roƙen da ke addu'ar, wannan kaɗai Yesu ya dawo ya yi wa ƙarin bayani a aya ta 14 da 15: in ba mu yafe wa mutane ba, Ubanmu ma ba zai yafe mana ba. Bai tausasa maganar ba. Shekara nawa ina koya wa yaran makarantar Lahadi haddar addu'ar nan, ban taɓa kai su ayoyi biyun da ke biye ba.

Daga nan na wuce sura 18, inda Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa, Ubangiji ya ce masa bakwai sau saba'in, ya kuma kawo misalin bawan nan marar tausayi. Sarki yana bin sa talanti 10,000, ya yafe masa. Shi kuwa da fitarsa ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa bawa saboda dinari 100. Da yake lissafi sana'ata ce sai na ɗauki biro. Dinari ɗaya ladan yini ne na lebura, haka yake a misalin ma'aikatan gonar inabi a sura 20. Talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne. Wato bashin bawan farko ladan kwana miliyan 60 ne, ko da jikokin jikokinsa za su taya shi ba za su biya ba. Wannan kowa ya sani, ana wa'azinsa. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne ɗaya ɓangaren. Dinari 100 aikin fiye da wata uku ne, mutum yana fita da asuba yana dawowa da magariba. Yesu bai sa kwabo biyu a misalin ba. Ya sa kuɗin da in an hana ka za ka ji shi har cikin ƙashi, irin wanda yake hana yara kayan Kirsimeti.

Wannan ya kwance mini wani ƙulli. Da ma abin da yake ƙona ni da masu ba ni haƙuri shi ne yadda suke rage abin. "Haba Malama, kuɗi ne fa kawai." "Bashi hanji ne, yana cikin kowa." Gaskiya ne, amma ba daga albashinsu aka cire ba. Na ɗauka in na yafe kamar na yarda ke nan ba a yi mini komai ba. Ashe sarkin nan sai da ya buɗe littafi, aka karanta adadin, kowa ya ji, sannan ya soke. Talanti 10,000 ɗin kuma ba iska ta kwashe su ba, baitulmalinsa ne ya yi giɓi. Duk wanda ya yafe bashi shi ne ya biya. Ni na riga na biya da hannuna wata takwas, zuciyata ce kawai ta ƙi sa hannu a takardar.

Bari in faɗi wani abu game da mu mutanen garin nan. Tun rikicin Satumba 2001, da na 2008, da na 2010, babu kalmar da muka sha ji a kan bagade kamar gafara. Akwai wata tsohuwa a zumuntarmu da ta rasa mijinta a ɗaya daga cikin tashe-tashen hankulan nan, ita ta riƙe yara biyar da sayar da ƙosai. Kunya ta hana ni kai mata maganar kuɗi, ina laifin da aka yi mini ina nata. Amma ita ce ta tare ni bayan taron zumunta, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ni waɗanda suka yi mini ban san fuskarsu ba. Ke kuwa kowace Lahadi kina ganin taki. Kada ki rena ciwonki, amma kada ki goya shi." Ban ce mata komai ba sai "To, Mama." Ban ma san yadda aka yi ta sani ba, ko da yake a zumunta ba a ɓoye ciki.

Abin da ya ƙarasa ni Ibraniyawa 12 ne, aya ta 14 da 15. Yadda aka rene mu, zaman tsarki yana da jerin da kowa ya haddace: ba giya, ba burukutu, ba zina, a rufe kai a majami'a, a fitar da zakka, kada a yi fashin sujada. Duk ina yi, ban kuma rena ko ɗaya ba. Amma marubucin ya ɗaure abu biyu da igiya ɗaya, ya ce mu nemi zaman lafiya da kowa da kuma tsarki, wanda in babu shi ba mai ganin Ubangiji. Nan take ya yi kashedi a kan tushen ɗaci da kan tsiro ya ƙazantar da mutane da yawa. Duk wadda ta taɓa noman rani a bayan gida ta san ciyawar nan da ake kira jiji: ka tsinke ganyen yau, jibi ta fito, don ƙwayar tana ƙasa. Nawa tushen ya riga ya yaɗu. Mata uku a adashen sun daina yi wa matar magana saboda ni, ko da yake ban ce su daina ba, fuskata ce ta gaya musu. Babban ɗana ya daina wasa da ɗanta. Ni kuwa ina karɓar Jibin Ubangiji da farin ɗankwali, ina ganin kaina tsaf.

Matiyu 5:23 da 24 sun ce in ka kawo baiko ka tuna akwai magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye baikon ka je tukuna. Na yi gardama da ayar kwana biyu, don cewa ta yi in ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ni kuwa ni aka cuta. Sai na tarar a sura 18 aya ta 15 an ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, kai ka je wurinsa. Ta ko'ina ka ɓullo, kai ne mai tafiya.

Ranar wata Asabar na hau keke zuwa Angwan Rukuba da littafin a jaka. Ban kira ba, don na san wayar ba za ta ɗauku ba. Na same ta a tsakar gida tana wanke acca, hannunta cikin ƙwarya tana tace yashi. Da ta gan ni ƙwaryar ta kusa suɓuce mata. Ta ce, "Yaya, sannu da zuwa," ta rasa inda za ta sa idonta. Ta jawo mini kujera 'yar tsugune. Muka gaisa, muka tambayi yara, muka tambayi sanyi, muka sake tambayar yara.

Zan so in ce ta faɗi ƙasa tana kuka tana neman gafara. Ba haka aka yi ba. Ta ce dankalin ya ruɓe mata a buhu, mijinta kuma aikinsa ya tsaya, kunya ta hana ta zuwa. Cikin maganar har ta ɗan ɗora mini laifi, wai yawan kiran da nake yi ne ya sa ta tsorata. Na ji wuyana ya ɗau zafi. Kaɗan ya rage in mayar da littafin jaka in tashi. Na buɗe shafin, na nuna mata, na ce, "Ƙanwata, wata takwas ne, dubu ɗari da sittin. Ni na biya. Na ji zafi ƙwarai, na kuma riƙe ki a zuci, wannan laifina ne. Daga yau ba na bin ki." Na ja layi biyu a kan shafin, na rubuta kwanan wata, na sa hannu kamar yadda nake yi wa wadda ta gama zubinta. Ta yi shiru tana kallon littafin. Can ta ce, "Na gode," ƙasa-ƙasa, ta koma tace accarta, ruwan idonta yana ɗiga cikin ƙwaryar. Ba mu yi addu'a tare ba. Na yi niyya, bakina ya ƙi.

A hanyar dawowa ban ji wani haske ya sauko mini ba, yunwa kawai na ji. Bayan mako biyu ɗanta ya kawo mini mudu biyu na acca a leda, ya ce in ji mamansa. Na dafa mana gwate da ita.

Ban mayar da ita adashe ba. Da sabuwar shekara wata ta kawo sunanta na ce a'a, kuɗin mata 11 amana ne a hannuna, ba nawa ba ne da zan yi kyauta da shi. Wasu sun ce ashe yafewar tawa ba ta kai zuci ba. Na yi ta juya maganar, har yanzu ina ganin daidai na yi. Kujerata ta dā dai na koma, muna zama tare, littafin waƙa ɗaya muke riƙewa in ta manta nata.

Bakwai sau saba'in kuwa, dā na ɗauka laifi 490 ake nufi daga mutum ɗaya, ina mamakin wane irin maƙwabci ne wannan. Yanzu laifi ɗaya nake ta yafewa. Ranar biyan kuɗin makaranta yakan dawo. Ranar da na ga ta sayi sabuwar waya ya dawo da ƙarfinsa, har na soma lissafi kafin in kama kaina. In ya zo sai in jawo littafin, in buɗe shafin, in dubi layi biyun da sa hannuna. A Farawa 4 Lamek ya yi wa matansa kirari cewa ramuwarsa sau saba'in da bakwai ce, ina jin jininsa bai ƙare a jikina ba.

Jiya da safe layin addu'a a kan autata yake. Da muka zo wurin, na ji ta ɗan rage murya tana saurarena. Na faɗa har ƙarshe. Ba ta ce komai ba, ta ja bargonta ta tafi neman safarta ɗaya da ta ɓata.