Wasiƙa daga Landan zuwa ga ikilisiyoyin Kano

Zuwa ga iyayena fastoci da dattawa, da iyayena mata na Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, da dukan 'yan'uwa masu bi da ke Kano, daga Sabon Gari da Birged da Badawa har zuwa ƙauyukan Rogo da Sumaila da Tudun Wada. Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, ya iyali, ya fama da tsadar rayuwa? Mu nan lafiya muke, sai dai sanyi da kewar gida. Na san maƙwabtanmu Musulmi ma za su ci karo da wannan wasiƙa, su ma ina gaishe su da girmamawa. Babu abin da zan rubuta a nan wanda ba zan iya faɗa a zauren gidansu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da na tarar da ikilisiyoyin 'yan Afirka a wannan ƙasa. A kudancin Landan, wajen Pekam da kewayenta, idan ka bi titi ranar Lahadi da safe, kusan duk tsohon sito ko saman kanti za ka ji ganga da waƙa na tashi. Yawancinsu cocin 'yan Nijeriya ne da 'yan Gana. Ka tambayi kowane fasto, zai ce maka Allah ne ya aiko su su mayar wa Turawa bisharar da kakanninsu suka kai mana. Kuma bukatar tana nan, domin ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales sun sauko zuwa kashi 46 cikin 100, karo na farko da suka gaza rabi. Amma shiga ciki ka duba kujeru. Da wuya ka ga Bature ko ɗaya.

Wata Lahadi wata tsohuwa Baturiya ta shigo inda nake sujada. Mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ta ga takardar gayyata a ƙofarta, ta zo. Aka tarbe ta da tafi, aka sa ta miƙe ta faɗi sunanta a gaban jama'a, abin da mutanen nan ke jin nauyinsa ƙwarai. Lasifika na daf da kunnenta. Aka yi sa'a uku ana sujada, aka zaga da baiko har sau biyu, mai wa'azi kuma duk inda zai yi raha sai ya juya zuwa yarensu, jama'a su fashe da dariya, ita tana zaune da jakarta a cinya tana kallon ƙasa. Babu wanda ya wulaƙanta ta, kowa ya yi mata fara'a. Amma ba ta sake dawowa ba, kuma da aka tashi zancen, sai aka ce ai Turawa zuciyarsu ta taurare. Ban yarda da wannan ba. Matar da ta tako da ƙafarta cikin sanyi zuwa gidan Allah, zuciyarta ba ta taurare ba. Ta zo ne ta tarar an shirya komai domin wasu, ba dominta ba.

Abin ya tsaya mini a rai ne saboda na san shi tun daga gida. Abin da muka gina a Landan shi ne abin da muka daɗe da ginawa a Sabon Gari.

Ban ce laifin wani mai rai ba ne, tarihi ne ya aza tubalin. A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya iso Kano tare da Likita Mila da sauran tawagarsa, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, gwamnatin mulkin mallaka da kanta ta taƙaita wa 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna. Da jirgin ƙasa ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, sai aka keɓe musu Sabon Gari wajen 1913, can bayan ganuwa. To a can ikilisiya ta tsira, ta yi girma da harsunan baƙi, da tufafin baƙi, da sunayen baƙi. Mutumin birni ya taso da sanin cewa Kiristanci addinin masu zuwa ne su tafi, Kirista ma da yawa suka karɓi wannan fahimta suka zauna a kanta. Yau an haura shekara 100, akwai waɗanda kakanninsu a Kano aka haife su, amma ba su taɓa cin tuwo a gidan Bahaushe ba, Hausar da suke ji kuma ba ta wuce ta ciniki ba.

A tsakiyar wannan rata mu muke tsaye, mu Hausawa masu bi. Mahaifina daga zuriyar Maguzawa ya fito, Hausa ce harshensa tun daga kakanni, ba shi da wani yare. A kasuwa idan ya faɗi sunansa na baftisma sai a ce masa to kai wane ƙabila ne. Wannan ya saba da shi. Abin da ya fi yi masa ciwo a ƙofar coci ya same shi. Ya shigo birni ganin likita, Lahadi ta riske shi, ya sa babbar rigarsa da hula ya nufi wata majami'a da Littafi Mai Tsarki na Hausa a hannu. Matasan da ke gadin ƙofa suka bar masu kwat suna wucewa, shi suka tsayar. Suka laluba shi, suka buɗe littafin suka karkaɗe, ɗaya ya tambaye shi da Turanci ko ya ɓata hanya ne. Dattijon da ya shekara fiye da talatin yana bishara a ƙauyuka a kan keke. Ya shiga ya yi sujadarsa, bai ce wa kowa komai ba, sai da dare ya ba mu labari yana murza hularsa a hannu.

Na san daga ina tsoron ya fito, kuma ba na raina shi. Duk wanda yake Kano a ranar 20 ga Janairun 2012 ba zai manta da hare-haren bama-baman ranar ba, haka ma harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a watan Afrilun 2012. Bincike a ƙofa ya zama dole. Amma a binciki kowa, mai kwat da mai riga. Ranar da babbar riga ta zama alamar abin zargi a ƙofar ikilisiya, wa kuma muke sa ran zai shigo daga cikin birni? Muna addu'a Allah ya kawo Hausawa, ga wanda Allah ya riga ya kawo muna tsare shi a bakin ƙofa.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6 ku karanta a hankali. Rikicin farko da ya taso a ikilisiyar Urushalima ba na koyarwa ba ne, na harshe ne da rabon abinci. Masu jin Helenanci, wato harshen Girka, suka yi gunaguni cewa ana tsallake matansu da mazansu suka mutu wajen rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce musu ku yi haƙuri ai duk ɗaya muke ba, ba su kuma ce masu ƙorafi suna raba kan jama'a ba. Suka ce a zaɓi mutum bakwai a danƙa musu aikin. Duba sunayen waɗanda aka zaɓa, Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, dukansu sunayen Helenawa ne. Wato masu rinjaye sun ɗauki makullin rumbu sun miƙa wa ɓangaren da ya yi kuka. Aya ta bakwai kuma ta ce maganar Allah ta yi ta yaɗuwa. A ganina ba haɗari ba ne Luka ya jera su haka. Sai da aka gyara rabon tuwo a cikin gida sannan bishara ta ƙara gaba a waje. Haka a Antakiya, da Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, don tsoron mutane, Bulus ya tsauta masa ido da ido, bai ɗauke shi ƙaramin abu ba.

To mu tambayi kanmu. A majami'un da ke da sashen Turanci da sashen Hausa, wa ake ba lokaci mai kyau, wa ake tura wa ɗan ɗakin baya? Idan za a zaɓi ma'aji, an taɓa duba sashen Hausa? Sau da yawa amsar da ake bayarwa ita ce baikonsu kaɗan ne. Gaskiya ne, yawancinsu masu gadi ne da leburori da masu wanki da mata masu sayar da abinci. Amma su ne suke zaune gida ɗaya da Musulmi, su ne suke zuwa suna da gaisuwar mutuwa a unguwa, su ne bakinsu ya san yadda ake yi wa dattijo magana. Idan ikilisiya tana da wata gada zuwa cikin birni, su ne.

Mu ma na sashen Hausa ba mu tsira ba, kuma wannan ya fi yi mini nauyin faɗa. Hausa ta haɗa mu a waƙa, amma ranar zaɓen dattawa sai kowa ya koma ƙauyensu, mutanen Kudancin Kaduna gefe, na Filato gefe, Tangale gefe, Hausawa kuma su ce su ne 'yan ƙasa. Sunayen da muke kiran 'yan'uwanmu Ibo da Yarabawa da su a bayan idonsu, kun san su, ba sai na rubuta ba. Tsakanin ɗarikoki ma haka. Tun 1976 aka kafa CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, kuma tana haɗa mu idan an ƙona coci ko za a ga gwamna. Amma bari yaron cocin ECWA ya ce zai auri 'yar Katolika, ko wata ta bar cocinmu ta koma na 'yan Fentikos, a nan za ka ji abin da ke cikin zukata.

Waɗanda suka taɓa ratsa wannan ganuwa, ta yaya suka yi? Da harshe da hidima, kuma a hankali. Kaɗan daga cikinmu suka san Dorugu, yaron nan Bahaushe daga ƙasar Damagaram wanda matafiyi Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. A nan ƙasar da nake zaune ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Schön, yana koya masa Hausa baki da baki, kuma da taimakonsa aka samu wasu daga cikin fassarorin farko na Littafi Mai Tsarki cikin harshenmu. Daga baya ya dawo, ya koyar a makarantar Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa a Nassarawa, a Kano ya rasu a 1912. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, bayan shekaru masu yawa na wahalar Likita Mila da abokan aikinsa Hausawa a Zariya da Wusasa. Ƙungiyar mishan ta SIM kuma ta hanyar jinyar kutare ta samu shiga ƙasar Kano a shekarun 1930, sannan ta buɗe asibitin ido a 1943. Har gobe mutane na zuwa asibitin nan daga ko'ina a Arewa har da Nijar, kuma wanda bai taɓa taka majami'a ba ya san ƙofarsa.

Ku ajiye wannan kusa da abin da ya faru a Oktoban 1991, lokacin da aka shirya babban taron wa'azin Bajamushen nan mai bishara Reinhard Bonnke a Kano. Ba a yi taron ba, gari ya kama da wuta, aka yi asarar rayukan Kirista da Musulmi. Babu hujjar da za ta wanke wanda ya zub da jini, ko kaɗan. Amma na tuna dattawanmu Hausawa suna cewa da an tambaye su da sun ba da shawarar yadda za a bi, domin sun san garin. A ranar nan wani maƙwabcinmu Musulmi ne ya shigar da mu cikin gidansa, ya zauna a ƙofa har ƙura ta lafa. Ba wa'azinmu ya sa shi yin haka ba, zaman shekaru ne na aron gishiri da gaisuwar safe.

Ina roƙon iyayenmu fastoci, duk wanda aka turo shi Kano daga wani wuri, ya koyi Hausa har ya iya yi wa mai makoki ta'aziyya da ita, ba ta sayen tumatir kawai ba. A bar mai bi Bahaushe da sunansa da rigarsa da kunyarsa, kada a sa shi ya ji sai ya zama wani kafin ya zama na Almasihu. Wanda ya ba da gaskiya danginsa suka juya masa baya, ba takardar baftisma ce bukatarsa ta farko ba, ɗaki ne da sana'a da gidan da zai ci abincin dare, kuma wannan nauyin sashen Turanci da na Hausa ne tare. Matasa masu zafin bishara a Facebook, ku daina zagin abin da maƙwabcinku yake girmamawa. Ku faɗi begen da ke cikinku da tawali'u da ladabi kamar yadda Bitrus ya umarta, ku kuma saurara idan shi ma yana faɗin nasa.

Iyayena mata na Zumunta, ku kun riga mu gaba a wannan. Na sha ganin Bayarabiya da Bajju da Bahaushiya sanye da zane iri ɗaya, ɗaya na buga tulu, sauran na amshi, kuma idan haihuwa ko rasuwa ta faru ba ku tambayar daga wane sashe. Ina roƙonku ku matsa wa dattawa a riƙa haɗa sassan biyu a ci Jibin Ubangiji tare ko da sau ɗaya ne a wata, da mai fassara a tsaye, a kuma ba na sashen Hausa mimbari a ranar.

Mu ma nan mun fara ɗan ƙoƙari. Mun roƙi a rage ƙarar lasifika, a daina tayar da baƙo tsaye, kuma wasunmu sun soma taimakawa a wurin rabon abinci ga mabukata da cocin Turawan unguwarmu ke gudanarwa, inda muke ƙarƙashin jagorancinsu muna koyon yadda ake shiga gidan Bature. Ku sa mu a addu'a, mu ma muna yi muku. A gaida yara, a gaida marasa lafiya, a gaida masu bishara na ƙauyuka.

Naku cikin Almasihu,
ɗanku daga Landan