Inda na kwana da aikin fitilun MR2 dina masu ɗaga ido

Jama'a 'yan uwa masu koyon gyaran tsofaffin motoci, sannunku da ƙoƙari. Ga inda aiki ya kai a sati na uku kan Toyota MR2 ɗin nan tawa ta 1986, mai fitilun da ke kwanciya cikin bonet sai ka kunna su ɗago kai kamar mai tashi daga barci.

Wanda bai sani ba, irin fitilar da ke ciki ita ce sil bim, wato gilashi da madubin da ke bayansa da zaren wuta duk a haɗe suke a rufe ruf, ba a canza mata ƙwai, in ta mutu sai dai a cire ta gaba ɗaya a sa wata. Dokar Amurka ce ta tilasta ta tun 1940, da farko mai zagaye inci 7, sai daga baya a 1974 aka yarda da mai kusurwa huɗu, kuma ba a saki mara ba sai 1983. To masu ƙera mota suna son gaban mota ya yi ƙasa ya yi siriri ga kuma ƙatuwar fitila da doka ta ɗora musu, shi ya sa suka riƙa ɓoye ta. Dabarar ma ta girmi dokar, motar Cord 810 ta 1936 da hannu ake murɗa fitilunta su fito. Motocin Corvette C5 da Lotus Esprit ne suka rufe ƙofar fitilu masu ɗaga ido a 2004.

Tawa mai kusurwa ce, lambarta H6054, kuma haskenta ya koma ja-ja kamar aci-bal-bal, shi ya sa na ce bari in koma LED.

LED ta farko da na saya fuskar ta zauna daram, amma bayanta akwai wani tudun alminiyum mai haƙarƙari na sanyaya ta, ya fi na asali zurfi. Da na danna makunni sai na ji ɗan injin da ke ɗaga idon yana gurnani, idon ya sauko rabi ya tsaya cak. Nan take na cire kan batir. Don Allah ku riƙe wannan, kar ku bar injin yana kokawa, haƙoran da ke cikinsa ba za su jure ba ga kuma shekaru sun ja. A jikin injin akwai wani ɗan murfi da ake murɗawa da hannu, da shi na riƙa sauke idon sannu a hankali ina leƙawa da tocila har na ga daidai inda alminiyum ɗin ya kankare fenti. Da na auna zurfin tun farko da ban sha wannan wahalar ba. Na mayar na samo mara tudu, wadda kuma ba ta fi ta asalin nauyi sosai ba, don nauyi ma yana sa ido ya riƙa rawa a kan hanya.

Sai kuma matsalar waya, nan ne na fi daɗewa. Soket ɗin ƙafa uku ne ya shiga lafiya lau amma wuta ta ƙi zuwa yadda ya kamata. Ashe tsofaffin Toyota fozitif suke bai wa fitila kai tsaye, makunnin kuma ta ɓangaren negetif yake yankewa, tsohon zaren wuta bai damu da ta ina wuta ta shigo ba amma LED ta damu. Da mitar gwada wuta na gano, sannan na sa wayarin mai rile biyu, wato makunnan da wuta ke sarrafa su, da fiyus ɗinsa daga batir, dim da ful duk suka kama. Na bar wa wayar rara kaɗan na ɗaure ta, saboda ido na hawa da sauka, in ta yi tsam wata rana za ta tsinke.

Wajen cire fitilar, ƙananan sukurorin zoben da ya riƙe fitila kaɗai za ka kwance, ka bar manyan biyun nan, na saiti ne.

Daren jiya na tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri kamar mita bakwai da rabi daga bango, na manna tef daidai tsayin tsakiyar fitila, na yi ta murɗa sukurorin saiti har layin hasken dim ya sauka ƙasa da tef ɗin kaɗan. Wallahi na ji daɗin yadda layin ya fito a yanke, don ni dai ban yarda in ga hanya ni kaɗai in kashe wa mai zuwa ido ba.

Saura shuɗin alamar ful da ke dashbod, ta ƙi kamawa tunda LED ba ta jan wuta kamar ta da. Ita zan bi a sati mai zuwa in Allah ya kai mu, da kuma sa wa gaɓoɓin idon hagu giris don yana ɗan makara wajen ɗagowa.