Wasiƙa daga Michigan: A-kori-kurar da tsatsa ta kama

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Mako uku ke nan wata tsohuwar a-kori-kura ta hana ni barci. Ford F-100 ce ƙirar 1972, tana fake a bayan gidan wani dattijo a nan jihar Michigan ta Amurka, kuma ya ce zai sallama mini ita da araha. Ranar da ya murza makulli ta tashi, nan take zuciyata ta tafi. Injinta mai silinda 6 ne a jere, lita 4.9, wanda Ford ta fara sa wa irin waɗannan motoci a 1965, ba ta daina ba sai 1996. Inji ne mai jure wahala, kayan gyaransa kuma ba su yi wuya ba.

Tsatsa ce ta tsaya mini a rai. A nan, da zarar dusar ƙanƙara ta sauka, sai a bi tituna ana watsa gishiri don ta narke. Har mahaƙar gishiri ake da ita a ƙarƙashin birnin Detroit. Ruwan gishirin nan yana fantsama ƙarƙashin mota, ya maƙale a kowane lungu, ya riƙa cin ƙarfe daga ciki. Kafin ka ga fenti ya kumbura, aikin gama ya gama. Shi ya sa masu sha'awa ke biyan kuɗin ɗauko tsohuwar mota tun daga Arizona, inda ƙasa ke a bushe.

Na ɗaga shimfiɗar ƙasan direba, na hango ciyawa ta wata huda. Na bi gindin ƙofa da maganaɗisu, wurare biyu ya ƙi kamawa, alamar an taɓa cike wajen da fila, wato ƙullun da ake toshe ramin jikin mota da shi, an shafe da fenti. Duk wannan da sauƙi, don ana sayar da sababbin falankin ƙarfe, a yanke ruɓaɓɓen a yi walda. Sai dai mai walda da fanel bita a ƙasar nan awa-awa ake biyan su, kuma ba wanda zai iya yanke maka kuɗin aiki kafin a kankare tsohon fenti a ga abin da ke ɓoye. Ga bututun birki da tankin mai da wayoyin wuta, dukkansu sun haura shekara 50, ba zan ɗauki iyalina a kansu ba. Idan an tara, kuɗin sayen motar shi ne mafi ƙanƙanta, kuma da wuya in mayar da abin da na kashe ranar da zan sayar. Na gaya wa uwargida haka ƙarara, domin kuɗin gida ne da ranakun hutun da yara ke da haƙƙi a kai.

Duk da haka ina son motar nan, kuma ina baƙin cikin a kai ta wajen masu narka ƙarfe alhali injinta na numfashi.

Shasi, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, shi ne zai raba gardama. Ranar Asabar zan shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma, in bi shi ina ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin na baya ya kama. In ƙarfen ya amsa da ƙara, zan saya, in fara da birki da ƙasan direba, fenti ya jira ko da shekara 3 ne. In guduma ta nutse, zan yi wa dattijon godiya in dawo gida.

Ku gaida kowa da kowa.

Naku,
Ɗan'uwanku a Michigan