Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗakin Hajiya

A makon jiya mun tsaya inda na baro Jidda a ƙarshen 2013, lokacin da jawazat, wato jami'an shige da fice na Saudiyya, suka matsa wa marasa igama, takardar izinin zama, ana ta kwasar mutane zuwa Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Wata ƙawata a Shara Mansur ta yi min hanyar wani gida a Makka. Ba girki, ba wanki, tsohuwa kawai zan kula da ita.

Sai da na shiga na gane abin da ya sa suka nace sai Bahaushiya. Iyayen Hajiya da ƙafa suka taso daga ƙasar Katsina, suka yada zango a Jazira ta Sudan suna noman auduga, sai da ta zama budurwa suka haye teku ta Sawakin. Da Larabci ta yi zaman aure, da shi ta aurar da 'ya'ya. Da gigin tsufa ya kama ta, bakinta ya koma Hausa zalla, jikoki kuwa ko sannu da ƙyar suke haɗawa.

Ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, ga ciwon suga. Duk bayan awa 2 sai na juya ta, dare da rana, in sa filo tsakanin gwiwoyinta, in duba ƙugu da diddige. Fata in ta yi ja ta ƙi washewa, gyambo ne ke tafe, na mai suga kuma ba ya jin magani da wuri. Da asuba in huda yatsa in auna, in canza mata famfas, in goge ta da ruwan ɗumi, in miƙo dutsen taimama.

Rigimarmu a kan abinci take. Ta tsani shorba, sai kunun tsamiya.

"Ke 'yar nan, wa ya ce miki ana shan kunu lami?"

"Hajiya, likita ne ya hana."

"Shi ya haife ni?"

Sai in goga mata goro a cokali, tunda ba haƙora, a shirya.

Wani dare ina cikin juya ta, ta damƙe hannuna da hannunta mai lafiyar, ta ce in je Mai Wurno, wani gari a Sudan, in ɗauko mata 'yarta. Ta faɗi suna, ta faɗi sunan uban. Duk 'ya'yan gidan na san su, babu mai wannan suna. Ashe babban ɗanta na tsaye a bakin ƙofa. Ya ce da ni da Larabci, "Me Ummi take cewa?"

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.